TARIHIN JAMES RUTHERFORD, MADUGUN KEKUNAN DOKI NA OSTARELIYA

 A wannan fitowa za mu ƙetare teku ne mu nufi ƙasar Ostareliya, mu koma zamanin da take ƙarƙashin mulkin Ingila, domin mu ji labarin wani mutum da ya sauka can yana baƙo, ba gida ba dangi, amma ya wayi gari wasiƙun gwamnati da matafiya da 'yan kasuwar gabashin ƙasar suna tafiya a kan dawakinsa. Sunansa James Rutherford. Shekara hamsin cur ya yi yana riƙe da ragamar kamfanin kekunan doki da ake kira Cobb & Co. Duk wanda ya taɓa sa kuɗinsa a harkar sufuri, ko ya taɓa zaman jiran kaya a tasha, zai ga abin da ya sani a cikin wannan labari.

ASALINSA DA ZUWANSA OSTARELIYA

An haifi James Rutherford ran 24 ga Oktoba 1827 a wani gari mai suna Amherst, cikin jihar New York ta Amurka. Da ya tasa aikin koyarwa ya fara yi. To a wannan lokaci ne aka gano zinariya a Kalifoniya, samari suka yi ta barin gona da makaranta suna kwarara can. Masu tarihi sun ce shi ma can ya yi niyya, domin yana da ɗan'uwa a wurin, amma da bai sami jirgin da zai kai shi ba sai ya faɗa wani jirgin ruwa mai zuwa Melbourne. Ka ji yadda ɗan Amurka ya zama mutumin Ostareliya a farkon shekarun 1850.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a wancan zamani Ostareliya ba dunƙulalliyar ƙasa ɗaya ba ce. Yankuna ne daban-daban, kowanne da gwamnansa da majalisarsa da kwastan ɗinsa, dukkansu a ƙarƙashin Sarauniya Victoria ta Ingila. Sai a 1901 suka haɗe. Uku daga cikinsu ne suka shafi labarinmu: Victoria a kudu, wadda babban birninta shi ne Melbourne, sai New South Wales a tsakiya mai birnin Sydney, sai Queensland a arewa mai birnin Brisbane.

A 1851 aka gano zinariya a New South Wales da Victoria, duniya kuwa ta yi ca a kansu. Yankin Victoria da yake da mutum wajen 77,000 a 1851, kafin 1861 ya haura 500,000. Rutherford ma ya ɗauki diga da shebur ya gwada sa'arsa a wajen Bendigo, amma bai daɗe ba ya bari. Ya yi kwangilar yankan katako, daga nan ya shiga fataucin dawaki. Har Brisbane ya je, ya komo Melbourne ta ƙasa, tafiyar da ta fi mil dubu cikin daji. A irin wannan yawo ne ya san ƙasar ciki da bai: inda ruwa yake, inda ciyawa take, inda rafi ke cika da damina ya hana wucewa, da kuma irin dokin da ke jure wahala. Wannan sani shi ne jarinsa na farko, kuma shi ya fi yi masa amfani har ƙarshen ransa.

YADDA AKA KAFA KAMFANIN COBB

Ba Rutherford ya kafa kamfanin ba. Wasu samari huɗu ne 'yan Amurka suka kafa shi a Melbourne a 1853: Freeman Cobb, John Murray Peck, James Swanton da John Lamber. Ran 30 ga Janairu 1854 kekensu na farko ya tashi daga ƙofar otal ɗin Criterion da fasinja, ya nufi filayen zinariya na Castlemaine da Bendigo.

Akwai masu kekunan doki kafin su, to amma abu biyu suka zo da shi wanda ya bambanta su. Na farko shi ne irin keken. Kekunan Ingila a kan sifirin na ƙarfe suke zaune, an yi su ne domin shimfiɗaɗɗiyar hanya, saboda haka da sun shiga ramuka da duwatsun daji sai ƙarfen ya karye. Su kuwa waɗannan samari daga Amurka suka yi odar nasu, irin da ake ƙerawa a garin Concord. Shi wannan keke ɗakin fasinjansa a rataye yake a kan wasu kakkauran igiyoyi na ƙirgi, an ninka fatar sa bisa sa. Idan ƙafa ta faɗa rami sai ɗakin ya yi lilo gaba da baya maimakon ya buga. Fasinja dai yakan sha jiri, wani har da amai kamar wanda ke cikin kwalekwale, amma keken ba ya karyewa, dawaki kuma ba sa jin fizgar nauyin a ƙirjinsu.

Na biyu shi ne sauya dawaki a kai a kai. Maimakon a wahalar da dawaki ɗaya tun safe har dare, sai suka kafa zango-zango a bakin hanya, tsakanin wannan da wancan kamar mil 10 zuwa 15. Keke na isowa za a kwance gajiyayyu a ɗaura sababbi. Da haka suka riƙa cin tafiyar cikin kusan rabin lokacin da abokan gasarsu ke ɗauka, kuma mai zinariya a aljihu ba ya ƙyashin biyan kuɗi in dai zai isa da wuri.

Freeman Cobb bai daɗe ba. A 1856 ya sayar da kamfanin ya koma Amurka da ribarsa. Daga baya ya tafi Afirka ta Kudu ya kafa irin wannan sana'a tsakanin Port Elizabeth da filayen lu'ulu'u na Kimberley, a can kuma ya mutu a 1878. Kamfanin da ya bari ya yi ta sauya hannu, har zuwa 1861 lokacin da Rutherford da abokansa suka haɗa jari suka saye shi a kan fam 23,000. Cikin abokan akwai Alexander Robertson, John Wagner, Walter Hall, William Whitney da Walter Bradley. Rutherford aka ba babban manaja. Ba su canza sunan kamfanin ba, domin sun san jama'a sun riga sun amince da shi, kuma suna mai kyau shi ma haja ne.

ƘAURA ZUWA BATHURST

To a nan ne hangen mutumin ya fara bayyana. Lokacin da suka sayi kamfanin, ana cikin shimfiɗa layin dogo daga Melbourne zuwa garuruwan zinariya. A 1862 jirgin ƙasa ya shiga Ballarat, a cikin shekarar kuma ya shiga Bendigo. Waɗannan su ne hanyoyin da suka fi kawo wa kamfanin kuɗi. Kowa ya san doki ba ya tsere da jirgi, kuma kuɗin jirgi ya fi sauƙi. Wani da sai ya tsaya yana rage farashi yana ƙorafi har jarinsa ya narke. Rutherford bai tsaya ba. Ya ji labarin sababbin filayen zinariya a New South Wales, wato Lambing Flat da Forbes, inda mutane suka taru dubbai kuma babu ko ƙamshin jirgi, sai ya ɗaure kaya.

Ran 26 ga Yuni 1862 ayarinsa ya shiga garin Bathurst: kekuna 10, amalanken abincin dawaki 2, da dawaki 103. Mutanen gari suka fito kallo da tarya kamar ranar hawa. Bathurst gari ne da ke bayan tsaunukan Blue Mountains, wajen kilomita 200 yamma da Sydney, kuma shi ne gari mafi daɗewa da Turawa suka kafa a cikin ƙasar nesa da bakin teku. Duk mai zuwa yamma sai ya bi ta nan. A nan Rutherford ya kafa hedikwata, ya buɗe masana'antar ƙera kekuna don a daina jiran na Amurka, a nan kuma ya zauna da iyalinsa bayan ya yi aure a 1863. Masu kekunan da ya tarar, wasu ya saye su, wasu suka shiga ƙarƙashinsa, wasu kuwa gasa ta kore su.

Hanyar fa ba lafiya ce da ita ba. Kwana 11 kafin isowarsa, ran 15 ga Yuni 1862, 'yan fashin Frank Gardiner suka tare keken da ke ɗauke da zinariyar Forbes a wasu duwatsu kusa da Eugowra, suka buɗe wa 'yan sandan rakiya wuta, suka kwashe zinariya wajen oza 2,700 da tsabar kuɗi fam 3,700. Wannan keken ba na Cobb ba ne, amma cikin wannan yanki Rutherford ya zo zuba dukiyarsa. A watan Oktoba 1863 ma ƙungiyar Ben Hall, wanda da yaron Gardiner ne, ta shiga cikin Bathurst kanta da bindigogi. Sai da 'yan sanda suka harbe Ben Hall a 1865 sannan hanya ta ɗan lafa. Kekunan Cobb ma sun sha tsayarwa, a sauke fasinja a jera su, a caje aljihu, a farke jakunkunan wasiƙu ana neman takardun kuɗi.

ZANGO, MASAUKI DA DAWAKI

Bari mu ɗan tsaya mu duba yadda aikin ke tafiya, domin a nan ƙarfin kamfanin yake.

Kowane zango yana da barga da rijiya ko tafki, da rumbun abincin dawaki, da mai kula da su. Idan direba ya kusa isowa sai ya busa begila tun daga nesa. Kafin keke ya tsaya an riga an fito da sababbin dawaki an sa musu kayan ja, cikin 'yan mintoci an sauya an wuce. Mai kula da barga kuma ya kama gajiyayyun ya shayar da su, ya goge musu jiki, ya duba kofato, ya shirya su domin keken da zai komo.

Wasu zangunan bukka ce kawai da shinge. Wasu kuwa masaukai ne sosai, inda fasinja zai ci abinci mai zafi, ya sha shayi, ya kwana idan dare ya yi ko rafi ya cika. Akasarin masu waɗannan masaukai mutane ne masu zaman kansu da suka yi yarjejeniya da kamfanin, sau da yawa mutum da matarsa, shi yana barga ita tana madafa. A cikin gari kuma ofishin yankan tikiti yakan kasance a babban otal ne, daga ƙofarsa keke ke tashi, a ƙofarsa yake sauka. Saboda haka mai otal da mai keke hannu ɗaya suke: keke ya kawo baƙo, otal ya ci kuɗin kwana da abinci. Otal ɗin da keken Cobb ke tsayawa a ƙofarsa ya warke, wanda aka tsallake kuwa sai ya yi ta kirga kujeru. Garuruwa da dama a dajin Ostareliya daga irin wannan masauki suka faro: yau barga da otal, gobe kanti da maƙera, jibi gidan waya da ofishin 'yan sanda.

Direba kuwa babban mutum ne a hanya. Kowanne yana da yankin da yake bi, ya san kowane rami da kowane kututture, ya san dawakinsa da sunayensu. Dawaki huɗu zuwa bakwai yake riƙewa a hannu ɗaya, bulala a ɗaya hannun, ƙafarsa a kan birki. Da dare ana kunna manyan fitilu a gaban keken, mutanen ƙauye su hango haske daga nesa su san wasiƙa ta iso. Shi ne mai kawo labari, shi ne mai kai saƙo, shi ake ba sautun magani da zare da allura. Idan aka zo hawan tudu ko keke ya kafe a taɓo, fasinja maza sai su sauko su taka, wani lokaci har su sa kafaɗa su tura, ko da kuwa sun biya kuɗinsu cif.

Sai maganar dawaki, wadda ita ce ainihin sana'ar Rutherford. Turawan Ostareliya mutane ne masu son doki da sukuwa ƙwarai. A 1861, shekarar da ya sayi kamfanin, aka fara babbar gasar sukuwa ta Kofin Melbourne, wani doki mai suna Archer ya cinye, ya kuma sake cinyewa a 1862. Har Indiya ake fitar da dawakin ƙasar domin sojan Ingila. To amma dokin keke daban yake da dokin fage. Na fage gudun minti uku ko huɗu ake nema a wurinsa, shi kuwa na keke ana so ya yi sassarfa mil 15 da nauyi a bayansa, yau da gobe, cikin rana da ƙura. A cikin jerin ma kowane da aikinsa: na gindi, wato waɗanda ke kusa da keken, ƙarfafa ake sawa domin su ne ke riƙe nauyi a gangara, na gaba kuwa marasa nauyi masu kuzari da jin linzami. Har launi akan daidaita, a haɗa farare wuri ɗaya, jajaye wuri ɗaya, domin kyan gani shi ma talla ne. Da yake kamfanin na cin dawaki dubbai, sai Rutherford da abokansa suka ga sayen doki a kasuwa kullum asara ce. Suka sayi manyan gandayen kiwo, irin su Buckiinguy a yammacin New South Wales, suna hayayyafar dawakinsu da kansu, suna kuma kiwon tumaki da shanu a gefe.

A nan akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Waɗannan filaye da hanyoyi ba kango Turawa suka tarar ba. Yankin Bathurst ƙasar mutanen Wiradjuri ce, 'yan asalin wurin tun dubban shekaru. A 1824, tun kafin a haifi Rutherford, gwamnan mulkin mallaka ya kafa dokar soja a yankin saboda turjiyar da suka yi ƙarƙashin jagoransu Windradyne, aka kashe da yawa daga cikinsu, aka raba ƙasarsu ga masu tumaki. Haka kuma a Lambing Flat, filin zinariyar da ya jawo Rutherford, a 1860 da 1861 Turawa masu haƙa suka far wa Sinawa masu haƙa, suka ƙone musu bukkoki suka kore su. Ka ga ashe ba kowane baƙo aka shimfiɗa wa tabarma ba. Rutherford ya yi ƙwazo, wannan ba musu, amma ƙofar da ta buɗe masa a rufe take ga wasu.

KWANGILAR WASIƘU DA TSERE DA JIRGI

Kuɗin fasinja yau akwai gobe babu. Idan zinariya ta ƙare a wuri, cikin wata guda sai gari ya watse. Abin da ya riƙe kamfanin shi ne kwangilar ɗaukar wasiƙun gwamnati. Gidan waya yakan yi shelar hanya, masu kekuna su sa farashi, wanda ya ci ya riƙa karɓar kuɗi a ƙayyade duk shekara, da sharaɗin jaka ta isa a ranar da aka yanka ko a ci shi tara. Wanda yake da zanguna da dawaki a shirye shi zai iya sa farashi ƙasa kuma ya cika alkawari, saboda haka kwangila bayan kwangila ta yi ta faɗawa hannun Cobb. Kuɗin wasiƙa ya biya abincin dawaki da albashi, na fasinja da ƙananan kaya ya zama riba.

A 1865 kamfanin ya tura wani ƙwararren direbansa, Hiram Barnes, da kekuna zuwa Queensland. Ran 1 ga Janairu 1866 keken farko ya tashi daga Brisbane zuwa Ipswich. Zuwa 1870, a yankunan nan uku, ana ɗaura wa dawaki wajen 6,000 kayan ja kowace rana da sunan Cobb, kekuna na cin mil 28,000 a mako, kuɗin wasiƙu kuma ya kai fam 95,000 a shekara. A 1871 abokan suka raba gari cikin lumana: Robertson da Wagner suka riƙe Victoria, Rutherford da sauran suka riƙe New South Wales da Queensland.

Jirgin ƙasa dai bai daina bin sawunsa ba. A 1875 ya haɗa Brisbane da Ipswich. A 1876 ya shiga Bathurst kanta, a 1877 Orange, a 1881 Dubbo, a 1885 ya kai Bourke can ƙuryar yamma. Dabarar Rutherford ba ta canza ba: duk inda layin dogo ya tsaya, nan kekensa ke jira a bakin tasha, ya kwashi fasinja da wasiƙu ya shiga da su dajin da jirgi bai kai ba. Idan aka ƙara layin mil hamsin, shi ma ya kwashe barga ya ƙara gaba. Da haka jirgin da ya zo kashe masa kasuwa ya koma mai kawo masa fasinja. A 1881 aka mai da reshen Queensland kamfanin hannun jari mai jarin fam 50,000, a 1886 kuma aka buɗe masana'antar kekuna a Charleville, tsakiyar dajin yammacin Queensland, domin can aikin ya koma.

INDA YA ƘONE HANNU

Mutum mai kuɗi ba ya rasa masu kawo masa shawara. A tsakiyar shekarun 1870 Rutherford ya shiga haɗin gwiwar kafa masana'antar ƙarfe ta Eskbank a garin Lithgow, tsakanin Bathurst da Sydney. A takarda abin ya yi kyau: ga gawayin ƙasa a wurin, ga tama a kusa, ga gwamnati na shimfiɗa layin dogo tana bukatar ƙarfe. A 1875 aka hura babban tanderun narka tama.

Amma lissafi ya ƙi fita. Jiragen ruwan da ke zuwa daga Ingila ɗaukar gashin tumaki sukan zubo ƙarfe a gindinsu don nauyi ya daidaita su a teku, saboda haka kuɗin dakonsa kaɗan ne, yana isowa Sydney da araha. Gwamnatin New South Wales kuwa a lokacin ba ta yarda da sa wa kayan waje haraji mai nauyi don kare na gida ba. Ƙarfen Lithgow ya kasa gasa, aka yi ta zuba kuɗi kamar ana zuba ruwa a rariya. A 1882 aka kashe wutar tanderun. Labarin da ya shahara shi ne daga baya Rutherford ya sa aka kawo albarushi aka tarwatsa tanderun gaba ɗaya, wai don kada wata rana zuciya ta raya masa ya sake hura shi. Sauran masana'antar ya ba William Sandford haya, daga baya ta zama tasa, kuma a nan aka fara narka ƙarfen sitil a Ostareliya a 1900.

Haka kuma a shekarun 1880 kamfanin ya karɓi kwangilar gina layin dogo tsakanin Glen Innes da Tenterfield, ƙasa mai duwatsu, nan ma aka tafka asara mai yawa. Mutumin da ya ƙware a cinikin doki, sau biyu yana faɗuwa da ya shiga sana'ar da ba tasa ba. Zafin abin da ya same shi a Lithgow ya sa ya zama ɗan gaba-gaba a masu neman a kare kayan gida da haraji, har ya sa hannu aka kafa jaridar National Advocate a Bathurst a 1889 domin yaɗa wannan ra'ayi.

A garin nasa kuwa bai zauna kamar baƙo mai jiran ranar komawa ba. Ya yi magajin garin Bathurst a 1868, ya daɗe yana hidimar ƙungiyar nunin amfanin gona da dabbobi ta garin, gidansa kuma yana wani gandu da ake kira Hereford a bayan gari.

FARI, TSUFA DA ƘARSHE

Abin da jirgi da 'yan fashi suka kasa yi, fari ya kusa yi. Daga 1895 zuwa 1903 aka yi wani dogon fari a gabashin Ostareliya wanda ya hallaka kusan rabin tumakin ƙasar. Ciyawa ta ƙone, tafkuna suka ƙafe. Doki kuwa ko ya yi aiki ko bai yi ba sai ya ci. Dole kamfanin ya riƙa sayen hatsi da busasshiyar ciyawa da tsada daga nesa, ya yi dakonsu zuwa zangunan daji, alhali kuɗin kwangilar wasiƙu yana nan yadda aka sa hannu tun kafin farin. A 1902 kamfanin ya durƙushe, sai da aka sake masa tsari sannan ya miƙe, kuma bai koma ƙarfinsa na da ba.

Rutherford bai yi ritaya ba. Yana da shekara 80 da ɗoriya yana zagayen gandayensa na Queensland da kansa. A kan hanyar komowa daga irin wannan zagaye ne ciwo ya kama shi, ya mutu a garin Mackay ran 13 ga Satumba 1911, yana da shekara 83. A shekarar ne kuma tsohon abokinsa Walter Hall ya mutu. Shi Hall ya bar harkar kekuna ya sa kuɗinsa a mahaƙar zinariya ta Mount Morgan ya yi arziki mai yawa, matarsa Eliza ta ware fam miliyan ɗaya domin taimakon jama'a, daga ciki aka kafa cibiyar binciken magunguna da ke ɗauke da sunansu a Melbourne a 1915.

Bayan Rutherford kamfanin bai yi nisa ba. Mota ta shigo, kuma ita ba ta bukatar barga kowane mil 15. Masana'antar Charleville ta rufe a 1920. A watan Nuwamba 1922 jirgin saman kamfanin Qantas ya fara ɗaukar wasiƙu daga Charleville ɗin nan zuwa Cloncurry. Wannan karon babu sauran dajin da za a matsa a shiga. Ran 14 ga Agusta 1924 keken doki na ƙarshe ya yi tafiyarsa tsakanin Surat da Yuleba a Queensland, shekara 70 bayan na farko ya tashi daga Melbourne. A 1929 aka rufe kamfanin.

Wanda ya je Ostareliya zai tarar da gidan tarihi na Cobb a garin Toowoomba, inda aka ajiye tsofaffin kekunan, zai kuma tarar da babbar hanyar mota a yammacin New South Wales da ake kira da sunan Cobb. Mawaƙinsu Henry Lawson ma ya yi waƙa a kan fitilun kekunan. Duk da sunan Cobb ake tunawa, mutumin da bai cika shekara uku yana tafiyar da kekunan ba. Rutherford da ya yi shekara hamsin yana ɗauke da kamfanin, daga Bendigo zuwa Bathurst zuwa Charleville, bai taɓa canza sunan kamfanin zuwa nasa ba, kuma da yawan masu bin wannan hanya a yau ba su san shi ba.

Nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba da tarihin wani.